Filin Tambaya da Amsa: Idan Sinadarin Wanke Maiƙo Ya Sauka Cikin Rijiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Gidanmu yana katanga ɗaya da wani tsohon wurin aiki da aka daɗe da rufewa, inda a da ake wanke kayan inji kuma ake fesa fenti. Tun daminar bara ruwan rijiyarmu ya soma wani wari mai kama da na tina, ko da yake idan an zuba shi a kofi garau yake. Mun sa an yashe rijiyar, an kwashe ruwan ƙaf, warin ya ɗauke na 'yan kwanaki, sannan ya dawo. Yanzu 'yan'uwa suna ba ni shawarar in haƙa burtsatse mai zurfi a tsakar gidan. Mece ce shawararku? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka abu na farko shi ne ku daina sha da girki da ruwan wannan rijiya tun daga yau, ku kuma sanar da maƙwabtan da rijiyoyinsu ke kusa da taku, ko da nasu ruwan bai soma wari ba. Hasken ruwa ba shaida ba ce a irin wannan matsala, domin sinadaran da ake zargi ba su da launi, kuma wasu daga cikinsu sai sun ninka adadin da ke da haɗari sau da yawa kafin hanci ya ji su.

Sinadaran da ake wanke maiƙo da su, ko ake tsinka fenti da su, kashi biyu ne idan aka dubi halinsu a ƙarƙashin ƙasa. Kashi na farko su ne waɗanda ruwa ya fi su nauyi, wato fetur da kananzir da yawancin abin da ke cikin tina. Idan suka tsiyaya suka kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa sai su kwanta a samansa, su riƙa hawa da damina suna sauka da rani, suna shafe ƙasar da ke tsakani. Kashi na biyu su ne masu ɗauke da kulorin, waɗanda fitattunsu biyu ne: tirikuloro'etilin, da masana ke taƙaitawa da TCE, wanda masana'antu suka daɗe suna wanke ƙarafa da shi, da fakuloro'etilin, ko PCE, wanda ake wankin tufafi da shi a injin da ba a zuba wa ruwa. Lita ɗaya ta TCE tana da nauyin kilo 1.46, ta PCE kuwa kilo 1.62, alhali lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Saboda haka waɗannan ba sa tsayawa a saman ruwa. Ratsa shi suke yi su nutse, su bi ta cikin yashi da tsakuwa har sai sun tarar da shimfiɗar yumɓu ko dutse, sannan su taru a kwarurruka da tsagogi.

A nan ne gizo ke saƙa. Sinadarin da ya taru a can ƙasa ba ya narkewa lokaci ɗaya. Ruwan da ke wucewa ta kansa yana ɗibar ɗan kaɗan ne, ya tafi da shi inda gangaren ruwan ƙasa ya nufa, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya ɓata ruwa mai yawan gaske. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade cewa kada TCE ko PCE ya wuce maikurogiram 5 a lita ɗaya ta ruwan sha (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Idan aka yi lissafi da wannan ma'auni, lita ɗaya tak ta TCE tana iya ɓata ruwa kusan lita miliyan 290. Ke nan jarka guda da wani lebura ya tuntsurar a bayan shago shekaru ashirin da suka wuce tana iya ci gaba da shayar da unguwa guba har yau.

Wannan shi ne dalilin da ya sa yasar rijiyar ba ta yi muku magani ba. Mai yasa yana kwashe laka da ruwan da ke cikin ramin ne, amma tushen gurɓatar yana can gefe, wataƙila a ƙarƙashin daɓen tsohon wurin aikin ko cikin ramin da suke zubar da ruwan wanki, kuma sabon ruwan da ke ɓuɓɓugowa ta kansa yake biyowa. Akwai kuma wani hali na yumɓu da ke ƙara dagula lamarin: yana tsotse sinadarin sannu a hankali na tsawon shekaru, idan kuma ruwan da ke kewaye da shi ya soma tsabta sai ya riƙa mayar da abin da ya sha. Duk wanda ya taɓa ganin randar da aka zuba wa kananzir bisa kuskure ya san cewa wanki ɗaya ko goma ba ya raba ta da warin.

Game da burtsatse, shawarata ita ce ku dakata. Mafi yawan ƙasar Kano tana kan tsohon dutse ne mai tauri, wanda samansa ya ruɓe ya zama ƙasa mai riƙe ruwa, a nan rijiyoyin hannu suke samun nasu, su kuwa burtsatse daga tsagogin dutsen da ke ƙasa suke ja. Idan aka huda ta tsakiyar gurɓataccen wuri, kuma ba a toshe gefen bututun da siminti yadda ya kamata ba, to an buɗe wa sinadarin hanya ke nan zuwa ruwa mai zurfi wanda a da bai kai gare shi ba, an gudu ba a tsira ba. Kuma a duk wuraren da masu wannan aiki ke fama da su, dutse mai tsagogi ne ya fi wuyar tsabtacewa, domin ba a iya sanin ta wace tsaga sinadarin ya bi.

Abin da ya kamata ya riga komai shi ne gwaji, kuma gwajin na musamman ne. Wanda aka saba yi wa ruwan leda, na ƙwayoyin cuta da gishiri da ƙarafa, ba ya nuna waɗannan sinadarai, sai a ba ka takarda cewa ruwanka lafiya lau. Ka nemi ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar muhalli da ke da na'urar tantance sinadarai masu tashi su bi iska, ka kuma bar ma'aikatansu su ɗebi samfurin da kansu. Suna amfani da 'yar kwalba mai cin mililita 40, a cika ta har ruwan ya yi tozo a baki, a rufe, a kifa ta a duba. Idan aka ga ƙwayar kumfa ko ɗaya sai a zubar a sake, domin sinadarin zai gudu cikin wannan iska. Daga nan sai a sa ta cikin ƙanƙara a kai ta ɗakin gwaji ba tare da jinkiri ba. Ruwan da aka ɗura a tsohuwar gorar lemo aka ajiye a mota cikin rana ba zai faɗi gaskiya ba.

Ban faɗi wannan duka don in tsorata ku ba, amma abin yana da tarihi. A garin Woburn na jihar Massachusetts a Amurka an rufe rijiyoyin gari guda biyu a watan Mayu na 1979 bayan an sami TCE da PCE a cikinsu, a daidai lokacin da iyaye ke kokawa kan yawan sankarar jini a tsakanin 'ya'yansu. A sansanin sojan ruwa na Camp Lejeune da ke North Carolina kuwa, sojoji da iyalansu sun sha gurɓataccen ruwa tsakanin 1953 da 1987. A 1982 an auna TCE har maikurogiram 1,400 a lita, wato ninki 280 na ƙa'idar yau, kuma sai a 2022 aka yi dokar da ta ba su damar neman diyya a kotu. A 2012 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya TCE cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan'adam, musamman na ƙoda.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun injiniyan ruwa. A aji ana lissafa mana hanyoyi da yawa na tsabtace irin wannan wuri, amma ba a gaya mana wacce ce ke aiki da gaske ba. Wacce ta fi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, tambayar da ta riga wannan ita ce: ina sinadarin yake, nawa ne, kuma wace irin ƙasa ce ta riƙe shi? Wanda ya fara aiki bai haƙa ƙananan rijiyoyin sa-ido ya gano gangaren ruwa da inda tushen yake ba, kuɗinsa zai ƙare kafin ya taɓa matsalar. Bayan an san wannan, aikin yakan rabu biyu, wato kawar da tushen, da tare gurɓataccen ruwan da ya riga ya yi nisa.

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce a zuƙo ruwan da famfo, a tsabtace shi a sama, a mayar ko a zubar. Tsabtacewar ba ta da wuya: ana kwararo ruwan daga saman wata doguwar hasumiya ana hura iska daga ƙasa, sinadarin ya bar ruwan ya bi iskar, sannan a bi da iskar ta cikin gawayin masana'anta da aka sarrafa domin kama shi. Da wannan hanya aka fara a mafi yawan wuraren da Amurka ta sa hannu bayan dokarta ta 1980 ta tsabtace gurɓatattun wurare. Sai dai a 1994 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta duba wurare 77 da ake wannan aiki, ta tarar a 8 kawai aka ba da rahoton kai wa ga matakin da aka nufa. Abin da ke faruwa shi ne awon yakan faɗi da sauri a shekarun farko, sannan ya tsaya cak a wani mataki, idan kuma aka kashe famfon sai ya sake hawa, saboda tushen da yumɓun suna nan suna saki. A ganina wannan hanya ta tare gurɓata ce kada ta kai ga rijiyoyin jama'a, kuma a wannan tana da amfani ƙwarai, amma wanda ya yi alkawarin warkar da wuri da ita kaɗai cikin shekara biyu ko uku, a bincike shi. A wurinmu akwai ƙarin nauyi, domin famfon da zai yi shekaru yana aiki dare da rana yana bukatar wutar da ba ta yankewa.

Idan sinadarin yana cikin busasshiyar ƙasar da ke saman ruwa, akwai hanya mai sauƙi da inganci, wato a kafa bututu masu huji a cikin ƙasar a riƙa zuƙo iska, tunda waɗannan sinadarai masu saurin zama tururi ne. Tana aiki sosai a yashi, tana rauni a yumɓu da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inda yumɓu ya yi yawa kuma akwai kuɗi, ana dumama ƙasar kanta da wutar lantarki ko da tururin ruwa, tunda TCE yana tafasa a digiri 87 na ma'aunin Salshiyos, sai a zuƙe tururin. Wannan tana gama aiki cikin watanni, amma tsadarta ta sa ba a yin ta sai a kan tushen kaɗai.

Sauran hanyoyin suna kashe sinadarin ne a inda yake. Ana ɗura famanganet, sinadarin nan mai rina ruwa shunayya, ta cikin bututu, ya farfasa TCE da PCE duk inda ya haɗu da su. Matsalarsa ita ce haɗuwar, domin ruwan da aka ɗura yana bin hanya mai sauƙi ne ya bar lungunan da sinadarin ya ɓuya, shi ya sa akan maimaita ɗurin.

Wadda ta fi burge ni ita ce katangar garin ƙarfe. Masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada, ƙarƙashin Robert Gillham, suna gwada irin bututun da ya dace da rijiyoyin sa-ido ne, sai suka lura cewa sinadarin yana ɓacewa daga ruwan da ya zauna tare da ƙarfe. Daga nan aka gane cewa ƙarfe idan yana tsatsa yana cire kulorin daga jikin sinadarin. A 1991 suka gwada abin a fili a sansanin soja na Borden da ke Ontario, kuma a tsakiyar shekarun 1990 aka gina ta farko ta kasuwanci a Sunnyvale ta jihar Kalifoniya. Yadda ake yi shi ne a haƙa dogon rami a gicciye a gaban gurɓataccen ruwan, a cika shi da garin ƙarfe gauraye da yashi, a rufe. Ruwan da kansa zai ratsa ta ciki ya fita da tsabta, babu famfo, babu wuta. Iyakarta ita ce zurfin da za a iya haƙawa, kuma dole gindinta ya zauna a kan yumɓu ko dutse, in ba haka ba ruwan ya zagaye ta ƙasa.

Sai kuma ƙwayoyin halitta. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa inda babu iskar shaƙa, waɗanda ke amfani da waɗannan sinadarai wajen numfashinsu, suna cire kulorin ɗaya bayan ɗaya: PCE ya koma TCE, shi kuma ya koma dikuloro'etilin, sannan binil kulorayid, daga ƙarshe etilin wanda ba shi da wannan illa. A 1997 masu bincike a Jami'ar Cornell suka ware wadda ke iya kai aikin har ƙarshe, mai suna Dehalococcoides. Ana ciyar da su ne da abubuwa masu araha, kamar man girki ko baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura a masana'antar sukari. Amma a kula da kyau: idan wannan ƙwayar ba ta cikin ƙasar, aikin yakan tsaya a tsakiya, binil kulorayid ya taru, shi kuwa ya fi iyayensa haɗari, har ma ƙa'idarsa a Amurka maikurogiram 2 ce a lita. Saboda haka ba aikin a zuba a tafi ba ne. Sai an riƙa awo, idan ta kama a kawo ƙwayar daga ɗakin gwaji a ƙara. A zahiri wuraren da aka ci nasara haɗa hanyoyi suka yi, mai ƙarfi a kan tushen, mai araha da haƙuri a kan abin da ya bazu.

Tambaya: Malam, idan muka tafasa ruwan, ko muka sa alif, ko muka tace da gawayin girki, ba zai shawu ba? Sayen ruwa kullum ya yi mana nauyi. Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Hajiya, na fahimci nauyin, amma alif laka yake kwantarwa, ba ya taɓa sinadarin da ya narke. Tafasawa tana korar wani kaso, sai dai tana korar sa ne zuwa iskar madafin da kike tsaye a ciki, abin da za a sha da baki ya koma ana shaƙa da hanci. Haka ma wanka da ruwan zafi a rufaffen banɗaki. Gawayin girki kuma ba ɗaya yake da wanda aka sarrafa domin tace ruwa ba, kama sinadarinsa kaɗan ne. Matatar da ke da gawayin masana'anta tana aiki, da sharaɗin a riƙa sauya shi a kan lokaci, domin idan ya ƙoshi sai ya riƙa barin sinadarin yana wucewa ba tare da wata alama ba. Idan dole ce ta sa a taƙaita sayen ruwa, to a fifita na sha da girki da na haɗa abincin jarirai, a kuma fifita masu juna biyu.

Tambaya: Malam, a nan Zamfara da gubar dalma ta kashe yara, kankare ƙasa aka yi aka kawo sabuwa. Me zai hana a yi haka a wuraren da kuke magana? Kuma wa zai biya? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Amsa: Malam, kwatancenka yana kan hanya, amma dalma da waɗannan sinadarai halinsu ya bambanta. Garin dalmar da ya bazu a ƙauyukan Zamfara, wanda aka gano a 2010 kuma ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 400, yana zaune ne a fatar ƙasa, shi ya sa a Bagega a 2013 aka iya kankare saman tsakar gidaje da fartanya da shebur, aka binne a ramuka na musamman, aka shimfiɗa sabuwa. Sinadarin wanke maiƙo kuwa mai gudu ne. Idan an farga da wuri, kwana kaɗan bayan ganga ta fashe, haƙe ƙasar shi ne mafi sauri da araha, da sharaɗin masu haƙar su sami kariya daga tururin, kuma kada a kwashi ƙasar a je a cike wani kududdufi da ita. Idan shekaru sun wuce, shebur ba ya kai wa inda ya tafi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ƙasar Ogoni a jihar Ribas, ko da yake can man fetur ne. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agusta na 2011 ya nuna cewa a Nisisioken Ogale mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin man fetur, fiye da ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, an kuma tarar da tataccen mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa. Rahoton ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da dala biliyan 1. Wannan fa a kan sinadarin da ke tsayawa a saman ruwa ne, wanda aka fi sanin inda za a same shi.

Batun biya, ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa, amma takan yi wuyar aiwatarwa idan kamfanin ya rushe ko filin ya sauya hannu. A Najeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan ƙa'idojin muhalli, NOSDRA kuma ita ke kula da malalar mai, sannan kowace jiha tana da ma'aikatar muhalli. Mutanen unguwa su rubuta koke tare, ta hannun mai unguwa, su haɗa da sakamakon gwaji da jerin rijiyoyin da abin ya shafa da tarihin abin da aka yi a filin, su kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Wanda kuma zai sayi fili inda aka taɓa yin masana'anta, ko garejin fenti, ko gidan mai, ya sa a gwada ƙasar da ruwan kafin ya biya, domin tururin waɗannan sinadarai yana iya tasowa ta tsagogin daɓe ya taru a ɗakunan da aka gina a kai, ko da masu gidan ba su taɓa shan ruwan wurin ba.